Jaka mai nauyin kilo 12: dala nawa ke ciki?

Mai Alƙalami:
Assalamu alaikum. Don Allah masu lissafi da waɗanda suka taɓa aikin banki, ku taimaka mini. Labari nake rubutawa, a ciki wani direba ya tsinci jaka a but ɗin motarsa, maƙare da dalar Amurka. Ba shi da halin zama ya ƙirga, sai ya ɗora ta a sikeli, ta nuna kilo 12. So nake ya gane yawan kuɗin daga nauyin, amma ba na son in rubuta abin da mai karatu zai ce ƙarya ce. Kwana uku ke nan na kasa wuce wannan shafin. Anya ana iya sanin kuɗi da awo kuwa?

Ɗalibin Lissafi:
Wa alaikumus salam, Malama. Kin yi sa'a dala kika zaɓa. Kowace takardar dala kusan giram 1 ce, ko ta dala 1 ce ko ta 100, domin girmansu ɗaya ne. Kilo 1 ke nan takarda 1,000. Ki cire nauyin jakar, mu ce kilo 1, saura takarda 11,000. In duk 'yan ɗari-ɗari ne, dala miliyan 1 da dubu 100. In 'yan ashirin-ashirin ne, dubu 220. In kuwa 'yan dala ɗaya-ɗaya ne, dubu 11 kacal. Sikeli yawan takardu zai faɗa wa direbanki, ba darajarsu ba. Dole ya zuge jakar ya leƙa.

Tsohon Kashiya:
Lissafin yaron nan daidai ne, amma na sabbin kuɗi ne. Na yi shekaru ina ƙirga kuɗin mutane, kuma akwai na'urar da ke ƙirgawa da nauyi, sai dai kai za ka fara gaya mata 'yan nawa-nawa ka ɗora. Ba na mantawa da wani ɗauri da aka kawo mini, ya sha ruwan sama bai gama bushewa ba. Na'ura ta ce ya haura ɗari. Na sa hannu na ƙirga har sau biyu, takardun suna manne wa juna, ɗari ce cif. Takardar dala auduga ce kashi 75, lilin kashi 25, shi ya sa take shan laima kamar tsumma. Ga dauɗar hannu, ga salatif da ake liƙe yagaggu da shi, ga robar ɗauri. A takarda ɗari ba wani abu ba ne, amma a dubu 11 kuskuren kashi 2 cikin ɗari takarda 220 ce, wato dala dubu 22 in 'yan ɗari ne.

Sannan 'yata, kada ki manta da girman jakar. Ɗauri mai takarda 100 kaurinsa ya ɗan haura santimita 1, tsofaffi kuma sun fi kumbura. Ɗauri 110 ba za su shiga jakar hannu ba.

Matafiyi:
Da Yuro ne da lissafin ya canza, don takardunsa girmansu daban-daban ne, ta 5 ce ƙarama. Miliyan 1 a 'yan Yuro 500 takarda 2,000 ce kawai, kilo 2 da 'yan kai. Saboda masu safarar kuɗin haram suna sonta ne aka daina fitar da ita a 2019.

Mai Alƙalami:
Allah ya saka da alheri. Baba, zancen laimar nan ya shiga raina, daren ruwan sama zan mayar da shi. Zai zaro ɗauri uku daga sama, duk 'yan ɗari, ya yi lissafin miliyan hannunsa na rawa, bai san na ƙasa 'yan ashirin ba ne. Tambaya ɗaya ta rage, Baba: jiƙaƙƙen ɗauri kwana nawa yake yi kafin ya bushe?