Neman shawara: motata tana kakkarwa idan ta tsaya, kuma tana zubar da baƙin mai

Mai tambaya, daga Garwa:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da Toyota Carina E ƙirar 1995, mai injin fetur 4A-FE, wadda da ita nake kai yara makaranta, nake kuma zuwa Marwa sau biyu a wata kan harkar kasuwa. Wata biyu ke nan tana ba ni matsala iri biyu. Idan na tsaya a mararraba na ɗauke ƙafa daga kan totur, sai injin ya kama kakkarwa har sitiyari da madubi su ɗauka, wani lokaci ma ta mutu gaba ɗaya, amma da zarar na ba ta wuta ta miƙi hanya sai ta daidaita kamar babu abin da ke damunta. Sannan kowace safiya ina tarar da tabon baƙin mai a inda ta kwana, faɗinsa ya kai tafin hannu, kuma ina ƙara kusan rabin lita duk kwana goma. Wani bakanike ya kasa kunne ga injin na ɗan lokaci, ya ce ringi ne ya ƙare, sai an sauke inji. Kuɗin da ya yanka mini sun fi ƙarfina a yanzu, kuma zuciyata ba ta kwanta da hukuncin da aka yanke ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. Don Allah masu sani su ba ni shawara.

Wani dattijon bakanike, daga Marwa:

Wa'alaikumus salam, ɗana. Kada ka yarda a sauke injin nan tukuna. Man da ringi ke sha ba ya ɗiga a ƙasa, ƙonewa yake yi tare da fetur ya fita ta salansa, kuma alamarsa hayaƙi ne mai launin shuɗi-shuɗi. Ka sa wani ya taka maka totur kai kuwa ka tsaya a baya ka duba. Baƙin hayaƙi yana nufin fetur ya yi yawa, farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana nufin ruwa na shiga ciki. Tunda kai kana ganin naka man a ƙasa da idonka, to ta waje yake fita.

Abin da nake zargi shi ne gaskit ɗin murfin saman inji. Roba ce, kuma zafin da muke sha a watan Maris da Afrilu, wanda a Garwa yakan wuce digiri 40, yana busar da ita har ta yi tauri kamar busasshiyar fata. A irin wannan injin, fulogi guda huɗu, waɗanda muke kira buji, suna zaune ne a cikin ramuka a tsakiyar murfin, kuma kowane rami yana da tasa robar. Idan ta lalace, mai yakan taru a ramin ya jiƙa kan wayar, sai wutar ta riƙa zurarewa ba ta kai ga bakin fulogin ba. Silinda ɗaya ta daina cin wuta daidai, sauran ukun su riƙa jan ta, shi ne kakkarwar da kake ji a sulo. Ka ga ke nan cuta ɗaya tana iya haifar da alamun nan biyu.

Da safe kafin ka tayar da ita, ka zaro wayoyin fulogin ɗaya bayan ɗaya, ka haska ramukan da fitilar wayarka. Ka mayar da kowace inda ka ciro ta, domin jerin wutar injin 1-3-4-2 ne, kuma idan ka sauya musu wuri za ka ƙara wa kanka wata matsalar. Bayan haka a wanke injin a bar shi ya bushe, amma a rufe distiributa, wadda ke rarraba wuta ga fulogi, da leda kafin a watsa ruwa. Ka yi tafiyar kwana biyu, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da daddare, sannan ka bi sawun man daga ƙasa zuwa sama har inda ya fara. Mai gangarowa yake yi, shi ya sa mutane da yawa suke zargin kaskon mai na ƙasa alhali laifin yana can sama. Ka shafa yatsa a ƙarƙashin gindin distiributar ma, akwai wani ɗan zoben roba a wurin da ya saba yoyo a injinan Toyota na wancan zamani.

Direban haya, daga Gaundare:

Malam, wane fetur kake sha? Idan zuwa-zuwa ne na kwalba da ake sayarwa a bakin titi, to ka sauya filtar fetur kafin komai, domin ƙura da ruwa ba sa rabuwa da jarkokin da ake zuba shi. Ka buɗe filtar iska kuma, ka ga abin da hunturun bana ya tara mata.

Wani ɗan'uwa, daga Njamena:

Ni dai tawa da ta fara yoyo, man da ya fi kauri na koma zubawa, na haɗa da maganin toshe yoyo na gwangwani, kuma ɗigon ya ragu sosai. Ka gwada, ya fi sauƙin kuɗi.

Dattijon bakanike:

Alhaji, ka yi mini haƙuri, ban goyi bayan wannan ba. Man 20W-50 ya dace da tsohon inji a zafin ƙasarmu, ba ni da ja a kansa. Amma maganin gwangwani kumbura roba yake yi na ɗan lokaci, ba zai ɗinke wadda ta riga ta tsage ba, kuma ba zai kwashe man da ya taru a ramin fulogi ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne idan yoyon daga gaban inji yake, ta robar kamshaf ko ta kiranshaf, wato sandunan da ke juyawa a cikin inji, domin man zai jiƙa bel ɗin taimin, wanda ake sauyawa a wajen kilomita 100,000 ko da lafiyarsa ƙalau. Idan ya tsinke maka tsakanin Garwa da Marwa, tafiyar da ta haura kilomita 200, a nan motar za ta tsaya.

Mai gyaran wutar mota, daga Kuseri:

Baba ya faɗi mafi yawan abin da ke bakina, sai dai ina so in ƙara abu guda da ake yawan mantawa. A kan murfin nan akwai wani ɗan bawul da ake kira PCV, wanda aikinsa shi ne fitar da tururin da ke taruwa a cikin inji ya mayar da shi ya ƙone. Idan ya toshe, iskar ta rasa mafita, sai ta riƙa tura mai ta kowace roba mai rauni, kuma ko an sa sabon gaskit ba zai daɗe ba. Ka zaro shi ka girgiza kusa da kunnenka: mai lafiya yana ƙaras-ƙaras, wanda ya toshe shiru za ka ji. Tiyon da ya haɗa shi da inji kuma idan ya tsage, iska takan shiga ta ɓarauniyar hanya ta lalata sulo, har za ka iya jin wani ɗan huci idan ka kasa kunne. A wanke maƙogwaron totur da bawul ɗin sulo da ke jikinsa, domin ƙura da tururin mai suna daskarewa a wurin. Idan duk an yi wannan kakkarwar ba ta tafi ba, sai a auna matsin silinda huɗun da geji. Wadda ta yi ƙasa da kusan bar 10 (bar shi ne ma'aunin matsi a jikin gejin), ko ta bambanta da 'yan'uwanta da fiye da bar 1, ita ce za ta ba da hujjar buɗe inji.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya na bi abin da Baba ya ce. Babu shuɗin hayaƙi a salansa. Ramuka uku a bushe suke, amma da na zaro waya ta uku sai ga mai yana ɗiga daga bakinta, robar ta kumbura ta yi laushi, kuma ramin ya cika kusan rabi. Bawul ɗin da ɗan'uwanmu na Kuseri ya ambata bai yi ƙara ba ko kaɗan, tiyonsa kuma ya tsage a daidai lanƙwasa. Na sayi gaskit da robobin ramukan, da bawul, da wayoyi da fulogi, gobe da safe zan kai ta gareji. Baba, akwai abin da ya kamata in sa wa ido lokacin da ake ɗaurawa?

Dattijon bakanike:

Madalla, ɗana. Ka tabbata an tsotse man ramin kafin a kwance fulogin, don kada ya gangara cikin silinda. A goge bakin murfin tas, a ɗiga gam kaɗan a kusurwoyin da gaskit ɗin ya lanƙwasa kawai, ba a shafe shi duka ba. Notocin murfin kuma a ɗaure su a hankali, bi da bi, kada yaron gareji ya sa ƙarfinsa, domin matsewa fiye da kima tana murƙushe sabuwar robar. Ka ci gaba da shimfiɗa kwalin nan har mako guda, kana duba gejin mai kowace safiya, sannan ka dawo ka gaya mana abin da ka gani.