Wane suna za mu ba "whip" na majalisar dattawan Birtaniya?

1/ 'Yan jaridarmu sun saba da "bulaliyar majalisa" da "mai tsawatarwa". A Abuja sun zauna daidai. Amma jiya da nake fassara labari kan majalisar dattawan Birtaniya, wato ta masu sarauta, sai duka biyun suka ƙi shiga.

2/ Asalin kalmar "whip" daga farautar yanyawa ne a Ingila. Akwai mai bin karnuka da bulala, duk wanda ya ware ya koro shi cikin 'yan'uwansa. To, "bulaliya" ba ta yi ƙarya ba.

3/ Matsalar ita ce, wa za a yi wa bulalar? 'Yan wannan zauren ba zaɓensu ake yi ba. Yawancinsu naɗin rai-da-rai ne, dokar 1999 kuma ta rage 'yan gado zuwa 92. Wanda ba ya neman tikiti, da me za ka tsorata shi? Wasunsu ma ba su da jam'iyya sam, ga kujeru 26 na limaman Cocin Ingila. Tsohon minista mai shekara tamanin ba a yi masa tsawa. Lallashi ne, da waya, da "ranka ya daɗe, a daure a zo".

4/ Aikin dai: duk mako a aika takardar abin da za a tattauna. Ƙuri'ar da aka ja wa layi uku, halarta dole. Sai ƙirga ƙuri'a, da zama da 'yan adawa a tsara jadawali. Na ɓangaren gwamnati har amsa tambayoyi suke yi a madadin ma'aikatu.

5/ Wani ya kawo "Sarkin Dogarai". Na yi dariya, amma yana da hujja: babban "whip" na gwamnati a zauren shi ne kyaftin na wata rundunar masu tsaron Sarki a bukukuwa. Sai dai wannan rawani ne kawai, bai faɗi aikin ba.

6/ Ni "mai gayya" na zaɓa, babbansu kuma "sarkin gayya". Mai gayya ba ya tilasta kowa. Yana bi gida-gida, ya san wanda zai fito da wanda zai kawo uzuri, ranar aiki kuma shi ne farkon isa gona.

7/ "Mai tsawatarwa" a bar wa majalisar wakilansu, can akwai tikitin da za a ƙwace. Mai kalmar da ta fi tawa, bismillah.