Mataki na uku a kogin Nilu na Jinja: in tuƙa kayak ɗina ko in bi jagora?

Nura, Kampala: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga ruwan Nilu a Jinja ta ƙasar Yuganda. Na koyi tuƙa kayak, ƙaramin kwale-kwalen nan na mutum ɗaya, kuma na saba da ruwan mataki na biyu (ana auna wahalar gangaren ruwa ne daga mataki na ɗaya, mafi sauƙi, zuwa na shida), sai dai har yanzu idan na kife ba na iya juyowa da filafili, dole in cire robar da ke rufe bakinsa in fito in yi iyo. Abokan karatuna za su bi wani sashe na mataki na uku a hutun nan. Shin in tuƙa nawa, ko in biya in zauna gaban jagora a kayak mai ɗaukar mutum biyu, kuma nawa ake biya?

Sadiya, Mbale: Wa alaikumus salam. Ka je kawai, Malam Nura, babu abin tsoro. Mu a babban jirgin roba muka shiga, jagora yana baya yana ba da umarni, kuma dala 140 kowannenmu ya biya har da motar Kampala da abincin rana.

Injiniya Kabiru: Malama Sadiya, jirgin roba daban, kayak daban. Ni ma da wannan "babu abin tsoro" aka ja ni. Wani kamfani da ba zan ambaci sunansa ba ya karɓi kuɗina ba tare da ya gwada ko na iya juyowa ba, aka ba ni rigar ceto da ta yi mini yawa da hular kwano mai sakakken maɗauri. A gangara ta biyu igiyar ruwa ta buge ni ta gefe, na miƙe hannu sama da filafili don in tokare, abin da daga baya likita ya ce shi ne ya fi goce wa masu kayak kafaɗa, domin ana so gwiwar hannu ta zauna ƙasa kusa da jiki. Kafaɗar ta fita, na kife, kuma da hannu ɗaya na laluɓo igiyar cire robar a cikin kumfa. Mai ceton da aka ce zai biyo ni yana can gaba yana ɗaukar hoton wasu Turawa. Da muka fito ba su mayar mini da ko shilin ɗaya ba, suka nuna mini takardar da na sa wa hannu da safe, sannan suka tambaye ni ko zan sayi bidiyon. Har yau idan sanyi ya shigo kafaɗar nan tana damuna a sujada.

Musa: Allah ya ƙara sauƙi, Injiniya. Amma dala 140 ta yi yawa, ni da katin ɗalibi ban kai dala 100 ba.

Sadiya, Mbale: Wataƙila na rabin yini ka shiga, domin mu ma mun nuna katin, ba a rage mana komai ba.

Baba Ɗan Yauri: Ɗana Nura, tun ina yaro nake tuƙa kwale-kwale a kogin Kwara, kuma na yi tsere a bikin Rigata. Ruwa ɗaya ne a ko'ina. Ka karanta fuskarsa, ka bi inda ya yi santsi kamar harshe a tsakanin duwatsu, kada ka bar shi ya same ka ta gefe. Babu buƙatar biyan wani jagora.

Injiniya Kabiru: Baba, da girmamawa, ruwan Yauri kwance yake. Wanda bai taɓa ganin ramin da ruwa ke murɗawa yana mayar da mutum baya ba, bai kamata ya hana yaro ɗaukar jagora ba. A gangarar Itanda da ke kogin Nilun har ƙwararru kan sauka su zagaye saman gangarar da ƙafa, domin mataki na shida ce.

Baba Ɗan Yauri: Injiniya, ni dai kafaɗuna biyu suna nan lafiya, saboda haka a bar masu karatu su zaɓi wanda za su saurara.

Musa: To a haɗa duka, Nura ya sa rigar ceto, Baba kuma ya aiko masa da laya daga wurin Sarkin Ruwa.

Maman Iman: A bar wasa. Abin da aka koya mana kafin mu shiga shi ne, idan mutum ya faɗa ruwa ya kwanta rigingine, ƙafafunsa a sama suna fuskantar inda ruwa ya nufa, kuma kada ya yi yunƙurin miƙewa tsaye, domin ƙafa na iya maƙalewa a dutse ruwa ya danne shi. Sannan akwai tsargiya a ruwan yankin, musamman bakin gaɓa inda ba ya gudu, don haka ka je a gwada ka bayan wasu makonni.

Injiniya Kabiru: Gaskiya ne. Kuma a sani cewa kogin da ake tallatawa a tsofaffin hotuna ba shi ne na yanzu ba. Madatsar Bujagali da aka kammala a 2012 ta shanye gangaren Bujagali, sai ta Isimba a 2019 ta haɗiye wasu na ƙasa, har da igiyar ruwan da ake kira Nile Special wadda masu kayak suka riƙa zuwa dominta daga ƙasashen duniya. Tafiyar ta gajarta, kuɗin bai ragu ba.

Baba Ɗan Yauri: A nan kam mun yi tarayya. Haka madatsar Kainji ta yi mana a 1968, ta binne tsohuwar Busa da gangaren da Mungo Park, Baturen nan mai binciken kogin Kwara, ya halaka a 1806, aka kwashe mutane zuwa sabon gari, kuma har gobe garuruwan bakin kogin suna kwana a duhu.

Musa: Amma Baba, Yuganda ta samu megawat 250 daga Bujagali da 183 daga Isimba. Ba za a bar ƙasa babu wuta saboda wasan ruwan baƙi ba.

Maman Iman: Malam Musa, ba baƙi kaɗai ke cin abinci a kogin ba. Jagoran da ya tuƙa mu ɗan ƙauyen bakin ruwan ne, haka masu ceto da direbobi da matan da suka dafa mana abinci, kuma ya ce da yawa daga cikin abokan aikinsa sun koma tuƙa boda-boda, wato acaɓa, a cikin Jinja.