An ce tattalin arzikin Najeriya ya ƙaru, wai da wane mudu ake aunawa?

Ɗan Rigasa:

Assalamu alaikum. Malamai, tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar ƙididdiga. A watan Yulin 2025 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce girman tattalin arzikin Najeriya na shekarar 2024 ya kai naira tiriliyan 372.8, wai da aka sake lissafi sai aka tarar ya fi yadda ake zato da kusan kashi ɗaya bisa uku. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, ina aka samo ƙarin? Wa ya bi Kasuwar Barci da Panteka rumfa-rumfa ya ƙirga cinikin kowa? Kuma in har arziki ya ƙaru, me ya sa mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 72,000 a nan Kaduna ba ya kai tsakiyar wata? Don Allah a warware min wannan ma'aunin tattalin arzikin da ake kira GDP dalla-dalla.

Malam Mai Alli:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da abin da ake aunawa. GDP jimillar darajar sababbin kaya da ayyukan da aka samar a cikin iyakar ƙasa ne, a shekara ɗaya ko a wata uku. Ba kuɗin da ke baitulmali ba ne, ba kuma dukiyar da mutane suka tara ba. Kuma ba a tara ciniki, abin da kowane hannu ya ƙara ake tarawa. Nan ne mafi yawan mutane suke kuskure.

Ga misali, lambobin na saukaƙe su ne don lissafi. Manomi a Saminaka ya sayar da buhun masara naira 40,000. Ɗan kasuwa ya kawo shi Kaduna ya sayar 46,000. Mai inji ya surfa ya niƙa, ya sayar da garin 55,000. Mai tuwo-tuwo ta tuƙa ta sayar, cinikinta ya tashi 90,000. In ka tara cinikin mutum huɗun nan za ka samu 231,000, alhali masara ɗaya ce ka ƙirga sau huɗu. Lissafin daidai: 40,000 na manomi, 6,000 na ɗan kasuwa, 9,000 na mai inji, 35,000 na mai tuwo. Jimilla 90,000, daidai da kuɗin da masu cin tuwon suka biya.

Ko 40,000 ɗin nan ba duka na manomi ba ne. In ya kashe 15,000 a taki da iri da maganin feshi, nasa 25,000 ne, sauran za a rubuta wa waɗanda suka samar da kayan. In kuwa maganin feshin daga waje aka shigo da shi, ba ya cikin namu ko kaɗan, sai ribar dilan da ya sayar. Haka za ka cire wa mai inji kuɗin gas, ka cire wa mai tuwo itace da kayan miya.

Hanya uku ake bi, kuma bisa ƙa'ida wuri ɗaya suke ɓullewa. Ta farko ita ce wadda na nuna, abin da kowane fanni ya ƙara. Ta biyu ita ce kashe kuɗi: sayayyar gidaje, da jarin da aka zuba a gine-gine da injina, da abin da gwamnati ta kashe, da abin da aka fitar waje, sannan a debe abin da aka shigo da shi. Ta uku ita ce samu: albashi da lada, da riba, da haraji kan kaya bayan an debe tallafi. Rahoton da NBS take fitarwa duk wata uku, wanda kake ji a rediyo, a kan hanyar farko aka gina shi.

Game da wa ya zagaya kasuwa: babu wanda ya ƙirga kowa. Manyan fannoni suna da takarda. Ɗanyen mai ana samun adadin ganga daga hukumomin mai, bankuna daga Babban Bankin Najeriya, sadarwa daga hukumar NCC, shigi da ficen kaya daga kwastan. Amma mai walda a Panteka, da tela, da ɗan acaɓa, da mai awara, ba su da littafi. Su samfuri ake ɗauka, kamar yadda mai sayen hatsi yake ɗibar kaɗan daga buhu ya duba, sannan a ninka da adadin masu sana'ar da ake kyautata zaton akwai. In samfurin ya tsufa, lissafin duka ya tsufa.

Amsar tambayarka ta farko ke nan. Ba a samo sabon arziki ba, mudu aka sauya. Akwai shekarar da ake ɗauka a matsayin mizani, a auna sauran shekaru da farashinta da kuma tsarin sana'o'inta. Har zuwa 2014 Najeriya tana amfani da 1990, lokacin da babu wayar salula, masana'antar fina-finai kuma ba ta zama komai ba. Da aka koma 2010 a watan Afrilun 2014, zamanin Yemi Kale yana shugaban hukumar, adadin 2013 ya tashi daga kimanin naira tiriliyan 42 zuwa 80, wato dala biliyan 510, aka wayi gari Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu. Babu wanda aljihunsa ya yi nauyi a daren. A 2025 aka sake matsar da mizanin zuwa 2019, aka sa sababbin bincike kan gidaje da kasuwanci da noma, ƙananan sana'o'in da ba su da rajista suka fito fiye da da. Ƙa'idar da ake so ita ce a sabunta duk shekara biyar. Mu muna barin sa ya daɗe, shi ya sa kowane sauyi yake zuwa da tsalle mai ba da mamaki.

Hajiya ta Unguwar Rimi:

Malam ya gama da tambaya ta farko. Ta biyun, ɗana, tana buƙatar ka raba lamba iri biyu da 'yan jarida suke cakuɗawa.

Tiriliyan 372.8 ɗin da ka ji, da farashin 2024 aka lissafa shi, da tsadarsa da komai. Irin wannan adadi yana kumbura ko da ba a ƙara noma buhu ɗaya ba. Manomi ya samu buhu 100 bara, kowanne 30,000, ya tashi da miliyan 3. Bana ya samu buhu 90, kowanne 45,000, ya tashi da miliyan 4 da dubu 50. A kuɗi ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari, a rumbu ya ragu da kashi 10. Citta ta nuna mana haka a zahiri a 2023, da cuta ta cinye gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko: farashin buhu ya yi tashin gwauron zabi, amma abin da jiha ta noma ya zube ƙasa. Saboda haka idan ana maganar bunƙasa, sai an tace hauhawar farashi, a auna buhunan bana da farashin shekarar mizani. Adadin da aka tace shi ne na bunƙasar da ake sanarwa. A 2023, misali, kashi 2.74 aka bayar.

To raba wannan da yawan jama'a. Mutanen Najeriya suna ƙaruwa da sama da kashi 2 duk shekara. Tuwo ya ƙaru da kashi 3, masu sa hannu a akushi sun ƙaru da kashi 2 da wani abu, lomar kowa kusan tana nan yadda take. Daga 2016 zuwa 2020 ma raguwa ta yi, domin tattalin arzikin ya karye sau biyu, a 2016 da farashin mai ya faɗi, da 2020 lokacin korona, a tsakaninsu kuma bunƙasar ba ta kamo haihuwa ba.

In ka raba tiriliyan 372.8 ga mutum kimanin miliyan 230, kowa zai tashi da wajen naira miliyan 1.6 a shekara, kimanin 135,000 a wata, har jariri. Magidanci mai iyali shida ya duba ko 800,000 tana shigowa gidansa duk wata. Ba ta shigowa, domin matsakaici ne kawai, an haɗa mai rijiyar mai da mai tura baro an raba biyu. Ma'aunin bai san rabo ba. Don wannan akwai wasu ma'aunai daban: binciken da NBS ta fitar a Nuwamban 2022 ya nuna mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talaucin da ya haɗa rashin lafiya da ilimi da ruwa da muhalli. Ita kanta miliyan 230 ɗin hasashe ce, tunda rabon da a yi ƙidaya tun 2006, lokacin da aka samu miliyan 140.

Sai batun dala. A 2014 dala tana wajen naira 160. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023 ta tashi daga kimanin 460 har ta haura 1,500. Shi ya sa tiriliyan 80 ta zama dala biliyan 510, amma tiriliyan 372.8 ta tsaya a dala biliyan 243. Ba wai rabin gonaki da shaguna sun ɓace ba ne, canji ne ya juya. Sai dai ga mai sayen magani ko kayan gyaran mota na waje, wannan faɗuwar gaskiya ce, a jikinsa yake jin ta.

Baban Kakuri:

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ni dai ina ganin ma'aunin da zai ce ana ci gaba alhali masaƙun Kakuri suna rufe, ba abin dogaro ba ne. Masaƙar KTL ta fara saƙa a 1957, masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, a wancan zamani dubban mutane suna shiga aiki dare da rana. Yau atamfar da ke kasuwar Sheikh Abubakar Gumi akasarinta daga waje take. Kuma na ji an ce har gwanjo ana ƙirgawa, har kuɗin da 'ya'yanmu suke turowa daga Saudiyya da Ingila. In haka ne ai lissafin dokin rano ne.

Malam Mai Alli:

Baba, a gafarce ni, biyun nan ba haka suke ba. Gwanjo ba a ƙirga kuɗin rigar, domin ba bana aka ɗinka ta ba, ba kuma a nan ba. Abin da ke shiga shi ne ribar mai rumfa a Kasuwar Barci, ladan aikinsa na kawowa da bajewa. Haka tsohuwar mota, haka filin da aka sayar: la'adar dillali kaɗai. Kuɗin da ɗa ya turo daga Ingila, kusan dala biliyan 20 ne suke shigowa ƙasar a shekara, amma ba a nan aka yi aikin ba, don haka ba sa cikin GDP. Zakka da adashi da tallafin da gwamnati take turawa a waya su ma ba sa ciki, kuɗi ne ya sauya hannu ba tare da an samar da komai ba.

Maganar masaƙa kuwa, ma'aunin yana goyon bayanka. Lokacin da ake saƙa a Kakuri, turmi ɗaya yana ɗauke da ƙarin manomin auduga na Funtua, da mai gurza, da mai kaɗi, da masaƙi, da mai rini, da ɗan kasuwa. Turmin da aka shigo da shi, ribar ɗan kasuwa da kuɗin mota kaɗai ya bar mana. Asarar tana nan a rubuce, sai dai ba a babban adadin za ka gan ta ba, sai ka buɗe jadawalin fanni-fanni. Bunƙasar sadarwa da kasuwanci ta rufe ramin a jimilla, amma kamfanin waya ba ya ɗaukar ma'aikata kamar masaƙa.

Inda zarginka ya fi ƙarfi shi ne wasu wurare daban. Aikin uwargida na girki da reno da wanki ba a ƙirga shi, amma in aka ɗauki 'yar aiki aka biya ta, ya shiga. Aikin gwamnati ba shi da farashin kasuwa, sai a auna shi da abin da aka kashe, don haka makarantar da yara suke koyo da wadda ba a koyon komai darajarsu ɗaya a takarda. Gadar da ambaliya ta cinye ba a debe ta, amma sake gina ta ƙari ne. Kuma idan manoma suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga, kamar yadda aka sha fama a yankin Birnin Gwari, lissafi ba zai nuna ba sai in masu bincike sun kai ga wurin ko sun gyara hasashensu.

Na Kawo:

Ƙari biyu a kan bayanin Malam. Akwai abin da ake ƙirgawa ko da kuɗi bai fita ba. Dawar da manomi ya noma ya ci da iyalinsa ana yi mata kuɗi a sa. Mai zaune a gidansa na kansa ana ƙiyasta hayar da zai biya da a ce haya yake. Wannan yana cikin dalilan da harkar gidaje da filaye take da nauyi, har ta wuce ɗanyen mai a sabon lissafin, tana bin noman amfanin gona da kasuwanci. Mai bai kai kashi 10 na GDP ba, amma shi ne mafi yawan abin da muke fitarwa waje, shi ya sa girgizarsa take kai wa naira da kasafin kuɗi.

Na biyu, akwai ɗan'uwan GDP da ake kira GNI, shi samun mazauna ƙasa yake aunawa. Ana ɗaukar GDP, a debe riba da ruwan bashin da suke fita ga masu jari na waje, a ƙara irinsu da suke shigowa. Gangar da kamfanin waje ya haƙo a Neja Delta duka tana cikin GDP, amma kason ribarsa da ya tura gida ba ya cikin GNI. Da GNI na kowane mutum Bankin Duniya yake jera ƙasashe aji-aji.

Ɗan Rigasa, in rahoto ya fito, duba da wane lokaci aka gwada. NBS tana gwada wata ukun bana da takwaransa na bara, ba da wata ukun da ya gabata ba, domin kaka tana kumbura rabin shekara na biyu, sai farkon shekara ya zama kamar an faɗi. Kuma kada ka jera adadin tsohon mizani da na sabo ka ce an samu ƙari ko ragi. Haka ta faru da hauhawar farashi: kashi 34.80 a Disamban 2024, kashi 24.48 a Janairun 2025, alhali kwandon kayan da ake aunawa da shekarar mizani ne aka sauya, ba shinkafa ce ta sauko a kasuwar Kawo ba.

Ɗan Rigasa:

Na gode ƙwarai, Malam, Hajiya, Baba, da Yaya na Kawo. Saura ɗaya: in ana son fitar da na jihar Kaduna kaɗai, direban tirelar da ya ɗauko masara daga Saminaka ya sauke a Legas, wace jiha ake rubuta wa aikinsa?

Malam Mai Alli:

Bisa ƙa'ida, inda mazaunin kasuwancin yake. In motar ta kamfanin da ke Kaduna ce, na Kaduna ne, ko da rabin tafiyar a hanyar Neja da Kwara aka yi ta. Banki ko kamfanin waya mai rassa a ko'ina kuma sai a raba wa jihohi gwargwadon ma'aikata ko albashin kowane reshe, in ba haka ba komai zai tafi Legas inda hedikwata take. Wahalar ta jiha ita ce babu kwastan a Tafa ko Gwargwaje da zai rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, don haka hanyar kashe kuɗi ba ta yiwuwa sosai, sai a tsaya kan hanyar farko.