Kunkurayen Ninja na 1988 a gwanjo, in saya ko in bari?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum. Wani mai gwanjo a babbar kasuwa ya buɗe dila, sai ga mutum-mutumin roba na kunkurayen Ninja, na katun ɗin nan, huɗu cif: Leonardo, Donatello, Raphael da Michelangelo. Na juya su, an buga 1988 da sunan kamfanin Playmates a jikinsu. Biyu kansu na da taushi in ka matsa, irin fitowar farko ke nan. Sai dai sandar Donatello babu, ɗamarar Raphael kuma ta tsinke. Ya ce jaka 20 duka, ya ba ni zuwa Juma'a. Tun ina yaro nake son su. Rashin makaman nan yana karya musu daraja sosai?

Na Marwa: Jaka 20? Ni sefa 500 na sayi Leonardo a tulin kayan wasan yara. Ya ga kana so ne.

Kawu Direba: Ku yaran yanzu ne. Mu katun ɗin Goldorak muka sani, in ba shi ba ne ko dala ba na bayarwa.

Mai Shagon Waya: Na Marwa, naka bugun baya ne ko jabu. Na 1988 ɗaya tak, in yana cikin kwalinsa, a Turai ya fi jaka 20 nesa ba kusa ba.

Abba Kusiri: Ɗan'uwa, ji nawa tukuna. Mutum-mutumin He-Man na tattara, na kamfanin Mattel, waɗanda suka fara fitowa a 1982. Da su Skeletor, da damisarsa mai sirdi, shekaru ina bin masu gwanjo har Njamena. Na zuba su a akwatin ƙarfe, a ɗakin kwano. Zafin Afrilu ya wuce a kansu, da na buɗe sai danƙo a hannuna, fenti ya manne a jikin juna. Ƙafafunsu wata roba ce ke riƙe da su ta ciki, duk ta bushe ta karye, ka ɗaga shi ƙafa ta zube. Wallahi ranar ban ci abinci ba. Sauran masu lafiya na samu mai saye a Yawunde, na ba wata motar fasinja saƙo. Har yau kwalin bai isa ba.

Na Marwa: Mai waya, ka taɓa riƙe na asali a hannunka, ko a hoto kake gani?

Mai Shagon Waya: Kai da ba ka duba shekarar naka ba fa?

Baban Iman: Da jaka 20 ka ƙara kaɗan ka sayi 'yar akuya, ita tana haihuwa. Kunkurun roba ko ƙwai ba ya yi.

Ɗan Garwa: Jama'a, maganar makaman nake tambaya don Allah.

Inna Mairo: Ɗana, ka fara tambayar malaminku hukuncin ajiye mutum-mutumi a ɗaki. Ni na yarana ƙanana na bari, babba kuwa sai na ji.

Kawu Direba: Abba, ka karɓi rasit lokacin da ka ba da saƙon?

Abba Kusiri: Na karɓa, Kawu. Suka ce an sauke a Ngawundare, can kuma suka ce ba su gani ba.

Na Marwa: Haka suka yi min da kwalin kilishi bara. Ka rubuta abin da ke ciki su yi sha'awa, ka ƙi rubutawa su ce ba su san da shi ba. Wa ya san motar da ake ba amana yanzu tsakanin Marwa da Yawunde?