Ladan ƙwazo na rukuni: wa ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa?

Mai tambaya: 'Yan'uwa, a wurin aikinmu za a soke ladan ƙwazo na mutum ɗaya a mai da shi na rukuni. In sashe ya cika adadin da aka yanka masa kowa ya samu, in bai cika ba kowa ya rasa. Wanda ya gani da idonsa ya ba mu labari.

Tela a masana'anta: Mu an yi mana. Da can kowa na kan kekensa, gwargwadon ɗinkinka gwargwadon kuɗinka, ko ta kusa da kai ta maƙale ba ruwanka. Da aka haɗa mu, sai ka ga gwanar sa wuyan riga ta bar kujerarta ta je tana nuna wa sabuwar zuwa yadda ake riƙe yadi. Kayan da ake dawo mana da su saboda kuskure suka ragu. Amma fa mu muke raba aikin a tsakaninmu, ba mai duba aiki ba.

Ma'aikacin sito: Hajiya, kun taki sa'a. Mu kuɗin aka haɗa mana, iko kuwa yana sama. Motar kaya ta makara, ba mu da bakin taɓa jadawali, ƙarshen wata lada ya bi ruwa. Sai muka koma gadin juna. Akwai wani dattijo mai ciwon baya, har tsoron neman izinin zuwa asibiti yake saboda harara. Wannan ba ƙwazo ba ne, takura ce.

Akanta: Ci-ma-zaune ma matsala ne. Tun 1913 Bafaranshe Ringelmann ya nuna cewa in masu jan igiya suka yi yawa, kowa rage ƙarfi yake yi. Duk da haka a 1995 kamfanin jiragen sama na Continental a Amurka ya sa ladan dala 65 ga ma'aikata duk watan da jiragensa suka shiga sahun gaba wajen kiyaye lokaci, kuma ya yi tasiri. Inda nake, sai da aka tsattsaga mu ƙananan rukunoni kafin masu laɓewa suka rasa maɓoya.

Makaniki: Malam mai tambaya, kafin ku yarda ku tambaye su: in kun ga matsala, kuna da ikon tsayar da aiki? A Toyota ma'aikacin layin haɗa motoci na iya jan igiyar gargaɗi a dakata a gyara. Kuma ku nemi a rubuta yadda ake lissafin ladan a liƙa a bango.