Sababbin kifi biyar a tankin ruwan gishiri: in zuba su rana guda ko in dakata?

Mai tanki a Abuja: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawara kafin in biya kuɗi. Tankina lita 400 ne, tsawonsa santimita 120, wata 14 ke nan yana tafiya lafiya. A ciki akwai kifi uku, irin da ake kira kilawun guda biyu, da damsal ɗaya shuɗi mai rawayar wutsiya, sai 'yan murjani masu laushi. Awon sinadaran da ƙazantar kifi ke haifarwa a ruwa ya nuna amoniya sifili, naitirayit sifili, naitiret wajen 10. Mai kawo mana kifi zai yi oda ƙarshen wata, kuma ya ce ba zai sake ba sai an jima. Ina son ƙarin kifi biyar: tang rawaya ɗaya, garama ɗaya mai rabi shunayya rabi rawaya, kadinal na Banggai biyu, da gobi mai dogon ƙayan baya. Zan iya zuba su duka rana guda?

Dattijo daga Jidda: Wa alaikumus salam ɗana. Saye rana guda babu laifi, tunda oda ce ta tilasta. Zubawa rana guda ne ban yarda da shi ba. Bakteriyar da ke cikin duwatsunka da matacin ruwanka tana yawaita ne gwargwadon ƙazantar da take samu. Wata 14 tana cin ƙazantar kifi uku. Ka mai da su takwas a yini ɗaya, ka ninka abinci, amoniya za ta iya tashi kafin bakteriyar ta cim mata, ita kuwa amoniya wurin numfashin kifi take ƙonawa. Amma gaskiya ba wannan ne ya fi damuna ba. Kana da tankin killacewa, wato tanki na daban da ake fara ajiye sabon kifi don a ga ko yana da cuta?

Mai tanki a Abuja: Ba ni da shi, Baba. Ukun nan kai tsaye na zuba su, kuma ba abin da ya same su.

Hajiya a Legas: Allah ne ya tsare ka, ƙanena. Ni ma haka na riƙa yi har shekara biyu, sai da wani tang da na sayo ya shigo min da cuta. Ranar da na kawo shi fes yake, yana cin abinci. Kwana shida na fara ganin fararen ɗigo a jikinsa kamar an barbaɗa gishiri, sauran kifin suna goga jiki da dutse. Bakwai nake da su, biyu suka tsira. Abin da ya fi ciwo shi ne ba ka da halin zuba magani a babban tanki, don maganin jan ƙarfe da ake yi wa cutar da shi yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, duwatsu kuma su shanye shi. Dole na kwashe duwatsu na kamo biyun da suka rage, na bar tankin babu kifi kwana 76 domin ƙwayar cutar ta rasa jikin da za ta hau ta mutu. Wata biyu da rabi ina kallon ruwa da dutse. Don Allah ka killace.

Malamin kimiyya, Zariya: Hajiya ta faɗi gaskiya. Cutar fararen ɗigon nan sunan ƙwayarta Cryptocaryon, kuma dalilin da ya sa take yaudarar mutane shi ne tana sauka daga jikin kifin ta kwanta a ƙasan tanki ta hayayyafa, sai ka ɗauka ya warke, bayan kwanaki ta dawo da yawa. Akwai wadda ta fi ta sauri, Amyloodinium. Ita kamar ƙura take a jiki, wani lokaci ma ba ka ganin komai sai kifi yana haki yana tsayawa gaban famfon ruwa, kwana biyu ko uku ya mutu.

Tankin killacewa ba ya buƙatar ado. Lita 100 ya isa ƙananan huɗun. Babu yashi, babu dutse, sai guntayen bututun roba na masu aikin famfo domin su sami wurin ɓuya, da murfi, da na'urar iska. Abin da za ka yi yau-yau: sayi matacin soso ka jefa cikin babban tankinka, kafin ƙarshen wata bakteriya ta kama shi, sai ka ɗauke shi zuwa ƙaramin. In ya shiga can kada ya sake komawa. Mako huɗu zuwa shida za su yi.

Matashi daga Kano: Malam, ni fa na ji wasu na cewa killacewar ma tana kashe kifi, wai gara a zuba su inda ruwa ya zauna da kyau. Kuma a sa magani tun farko ko sai an ga cuta?

Malamin kimiyya, Zariya: Tana kashewa idan an haɗa tankin ranar da kifi suka iso, babu bakteriya, babu awon amoniya. Laifin gaggawa ne. Batun magani kuwa ra'ayi ya rabu. Ni ina bari su fara cin abinci kwana uku zuwa biyar, sannan in ɗaga jan ƙarfen a hankali cikin 'yan kwanaki, ina aunawa kullum, don kowane kamfani da adadin da ya rubuta a kwalbarsa, kuma tazarar da ke tsakanin magani da guba kaɗan ce. Gargaɗi ɗaya: kada a haɗa maganin jan ƙarfe mai suna Cupramine da magungunan da ke ɗaure amoniya, haɗin yana mai da jan ƙarfen guba. In amoniya ta tashi, canjin ruwa ne mafita.

Dattijo daga Jidda: To mu zo kan wanda zai riga wani shiga, don nan ma ana asara. Kifin teku yana da gida, kuma yana kare gidansa. Mai sanyin hali shi ke fara shiga, mafaɗaci a ƙarshe. Gobin da kadinal biyun su fara. Bayan mako biyu, in awon amoniya ya nuna sifili, garama ya bi. Tang shi ne na ƙarshe, yana da ƙaya mai kaifi a gindin wutsiya, in ya riga ya mallaki tankin zai hana baƙo sakat.

Amma ɗana, damsal ɗin nan naka shi ne matsalar. Ƙarami ne, amma wata 14 yana ganin tankin nasa ne. Gobin kuwa matsoraci ne ƙwarai, in aka kore shi sau biyu sai ya shige rami ya daina cin abinci, ko ya yi tsalle ya faɗo ƙasa. Sa murfin raga kafin ya shiga. Da ni ne, zan cire damsal ɗin in ajiye shi wani wuri mako biyu, in sauya zaman duwatsu, sannan in mai da shi a matsayin baƙo.

Hajiya a Legas: Ko ka sami akwatin roba mai huji-huji ka rataya cikin tankin, baƙon ya kwana uku a ciki suna ganin juna babu cizo. Ya yi min aiki. Su kadinal kuma ka roƙi waɗanda aka haifa a tanki. Asalinsu tsibiran Banggai ne a Indunisiya, wuri ƙarami, kuma tun 2007 aka sa su cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Na tanki sun ma fi saurin karɓar abinci. Sai dai ka lura, in duka biyun maza ne za su yi ta faɗa idan sun girma.

Mai tanki a Abuja: Na gode ƙwarai. Ranar da suka iso fa? Na saba ɗiga musu ruwan tanki a cikin ruwan ledarsu a hankali kamar awa ɗaya.

Malamin kimiyya, Zariya: Wannan na kifin da ka sayo a cikin gari ne. Wanda ya kwana a leda a jirgi daban yake. Numfashinsa ya saukar da pH na ruwan, wato ruwan ya ƙara tsami, hakan ya rage dafin amoniyar da ta taru. Kana buɗe leda iska ta shiga, pH ya hau, amoniyar ta koma guba, kai kuma kana ta ɗiga ruwa. Tambayi mai kawo kayan yawan gishirin ruwansa. Da yawa suna ajiye kifi a awon gishiri 1.020 ko ƙasa, namu kuwa 1.025 ne. Daidaita tankin killacewa da nasu, ka ɗora ledar a rufe kan ruwa minti 20 zafi ya zo ɗaya, ka buɗe, ka ɗauke kifin kawai. Ruwan leda a zubar. Kashe fitila ranar. Gishirin sai ka ɗaga shi sannu a hankali cikin kwanaki.

Matashi daga Kano: Yaya, kada ka manta da wuta. Ƙaramin tanki mai kifi da yawa shi ke fara rasa iska in an ɗauke ta, balle lokacin zafi. Ni na'urar iska mai batir nake ajiyewa kusa, kuma ina sa fanka ta busa saman ruwa don ya tsaya wajen digiri 26. Ruwan da ya ƙafe da tataccen ruwa marar gishiri ake cikawa.

Mai tanki a Abuja: Akwai inbata, zan haɗa ƙaramin a kai. Na yanke shawara: zan ɗauki huɗun yanzu, tang ya jira oda ta gaba, tunda shi ne na ƙarshe dama kuma lita 100 ta yi masa kaɗan tare da su. Soson zan saya da yamma in sha Allahu. Baba, damsal ɗin da me ake kama shi ba tare da na rushe duwatsu ba?

Dattijo daga Jidda: Yanke kan gorar ruwa ka juya shi ciki kamar mazurari, ka huda gefe, ka sa ɗan abinci a ciki. Hana su abinci yini ɗaya tukuna. Wataƙila kilawun ne zai fara shiga, ka sake shi ka sake ɗanawa.